Tiren Kulu da Saniyar Goggo Indo

Kulu Albarka taubashiyata ce. Ubanta da uwata ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da na faɗa a kanta a nan ba ta da inda za ta kai ƙara. A Gwandu aka haife mu, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe, ƙyanda ɗaya ta kwantar da mu a shekara ɗaya. Ni na tashi da 'yan tabo a goshi, ita ta tashi babu ido, tun ba ta yi famfara ba. Har yau in muka yi faɗa takan ce in riƙa girmama ta, ai ita ta ɗauke mana mai nauyin.

Kawu Albarka, mahaifinta, gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, kuma bai yarda a zaunar da ita a ɗaki ana yi mata sannu ba. Ƙarƙashin teburinsa ta girma, tana ware masa kusoshi a gwangwanin madara, tana gane rediyon kowa da irin kukansa. Da ta yi wayo ya kai ta makarantar makafi a Birnin Kebbi. Can ta koyi rubutun ɗigo da ake shafawa da yatsa, ta koyi Turanci, ta koyi keken rubutu, daga baya kwamfuta. Ta dawo da tsiwa ninkin wadda ta tafi da ita. Ɗalha mai albasa ya ji ya gani ya ce yana so, aka ba shi. Yanzu 'ya'yansu uku, kuma ban taɓa jin ranar da ya ci gardama a gidan nan ba.

Sana'ar Kulu ita ce tura abubuwa a memorin waya. Samari masu wannan aiki sun cika bakin tasha, amma matan da ba sa fita ba za su aika da memorinsu hannun samari ba, ga hotunansu a ciki. Kulu kuwa mace ce, tana shiga ko'ina, kuma ko ta so leƙen hoton wata ba hali. Sai ya zama rashin idon ne jarinta. Karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙoƙin biki, littattafan da ake karantawa a saurara, duk tana da su. Ta san wadda ke son mai sanyin murya, ta san wadda za ta ce wa'azi take so alhali waƙa ta kawo ta.

Kwamfutar ita ma sai an ba da labarinta. Ta wani ma'aikaci ce, ta faɗo daga kan babur, fuskar ta tarwatse, har ramin da ake jona mata wata fuskar ya lotse. Mai gyara ya ce ta tashi aiki. Kulu ta shafa ta, ta kunna, ta kasa kunne ta ji fanka na juyawa, ta ce a cire mata murfin gaba ɗaya. Mai gyara ya ce to da me za ta duba? Ta ce, "Mi nika yi da madubi?" Aka kwance murfi aka jefar, ya rage rabin kwamfuta, madannai kawai a shimfiɗe. Matan gari suka sa mata suna tire. A cikinta akwai wata manhaja mai karanta duk abin da ya kamata a gani, tana faɗa wa Kulu a kunne, ita kuma yatsunta na gudu.

Matsala ɗaya ce ta hana ta sakat, wato bairos. Memorin mutanenmu ba ya zama wuri ɗaya. Ya shiga wayar miji, ya shiga ta ƙanwa, ya je bakin tasha, ya dawo da cuta. Da an soka shi a tire, kwana kaɗan murya ta fara in'ina, daga nan ta ɗauke ɗif. Kwamfutar da ba fuska ba murya kuwa ai faranti ce ta gaske, sai dai a yanka albasar Ɗalha a kai. Dole a ba direba ya kai Birnin Kebbi, mai gyara ya zare ma'ajiyar cikinta ya sa a wata kwamfutar mai fuska, ya wanke, ya sake zuba komai, ya mayar. Kulu ta zauna a gida tana jira tana huci. Ba ta tsani komai ba kamar jiran mai ido, kuma a irin waɗannan kwanaki ni nake shan masifar.

To, ana nan sai ga maganar Goggo Indo.

Goggo Indo Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Dalijan. Tun muna 'yan mata take kawo nono gidan su Kulu ranar kasuwa, da Kulu ta yi aure ta bi ta da ƙwaryarta. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Mijinta, Baffa Garba, ya rasu bara waccan, kuma ko yana raye ko bayan ransa ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. In dole ta kama sai ta ce "shi wancan". Wata ranar kasuwa ta kwance memori daga 'yar wayarta ta ba Kulu, a sa mata karatu. Kulu ta sa, ta mayar mata. Kasuwa ta zagayo, ina gidan ina taya Kulu tsintar shinkafa, sai ga Goggo ta yi sallama ba ƙwarya a kanta. Ban taɓa ganin tsakiyar kan matar nan ba sai ranar.

Ta zauna bakin tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa. Can ta ce, "Kulu, abin ga da kinka sa mani, ya kore na ciki."

Kulu ta ajiye tiren shinkafa. "Mi ad da mi, Goggo?"

"Duka. Babu komi." Ta murza bakin zanenta. "Akwai kiran saniya ciki."

Da kyar muka tatso bayanin. Wai suna da wata farar saniya, Raneye, wadda ba ta sakin nono sai ta ji muryar mai ita, wato Baffa Garba. Shi ke tatsarta tun tana karsana ta fari. Kafin ya kwanta ciwo, ɗiyarsu ta ɗauki muryarsa a waya yana kiran shanu da safe, don wasa. Da ya rasu sai wasa ya zama magani, in za a yi tatsa Goggo ta kunna, saniya ta tsaya. Wayar ɗiyar ta daɗe da faɗawa rijiya. A duniya babu inda muryar nan ta rage sai a wannan memori, ɗan abu kamar farcen jariri.

Kulu ta karɓa ta soka a kwamfuta. Muryar ta karanto mata sunaye, amma duk wanda ta buɗe fanko ne. Tana cikin lalube murya ta fara in'ina, ta ja, ta ja, ta mutu. Na ga fuskar taubashiyata ta yi fari fat. Goggo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Ba komi, haka Allah yas so," ta miƙe. Kulu ta ce ta bar mata memorin. Ta ƙulle shi a habar gyalenta, ta yi masa ƙulli kan ƙulli.

Kafin mako ya zagayo zance ya gama gari, wai tiren Kulu na cin abin mutane. Wasu suka daina aiko yara. Wannan bai dame ta ba kamar yadda na zata. Abin da ya hana ta cin tuwo shi ne an ba ta muryar mamaci amana ta salwanta a hannunta. Ta kai wa masu gyara biyu a Gwandu, kowanne ya ce a yi fomatin, wato a share memorin tas ya koma sabo. Na biyun har ya miƙo hannu. Ta ce masa in ya taɓa habar gyalen nan sai an raba su da mutanen kasuwa.

Akwai wani zauren makafi da take ciki a waya, inda suke aika wa juna saƙon murya daga garuruwa daban-daban. Can ta kai kukanta. Wani malami a cikinsu ya ce ta taɓa gwada Linux? Ya ce wata babbar manhaja ce, irin wadda ke riƙe da kwamfuta gaba ɗaya, kyauta ce, tana zuwa da mai karatu a cikinta, kuma makaho na iya zuba ta da kansa. Wata kuma ta ce ai ga wata ɗaliba can a Kalgo, Khairiyya, ita da abokan karatunta suna raba ta ranar Asabar a wani shagon buga takardu kusa da jami'a. Kulu ta kira ni tana haki kamar an biyo ta. "Nahisa! Da kaina, kin jiya? Da kaina!" Na ce na ji, kunnena ne dai ba ki bar min ba.

Ranar Asabar muka kama hanya. Ni na so in wanke kayan makaranta in huta, don koyar da 'yan aji uku ba wasa ba ne, amma wa ya isa. Daga Gwandu har Birnin Kebbi bakinta bai rufu ba. Ta yi wa direba bayanin Linux, ta yi wa wani tsoho mai buhun gero, alhali ita ma ba ta taɓa jin ko ƙamshinsa ba. Tsohon ya ce Allah ya sa a dace. Muka sake mota zuwa Kalgo, damina ta yi nisa, shinkafa ta rufe fadama kore shar, ina faɗa mata tana cewa in yi shiru tana tunani.

Khairiyya 'yar ƙaramar yarinya ce mai saurin baki, ɗiyar masunta ce a nan Kalgo. Da Kulu ta kwance zane ta fito da tire, sai yarinyar ta tuntsire da dariya, ta toshe baki ta hau ba da haƙuri. Kulu ta ce, "Yi abinki ɗiyata, ni ma da nag gane ta da na yi." Nan take suka ɗinke.

Kafin a taɓa komai Kulu ta ce tana da tambaya. "Abin ga na wa na?"

"Na kowa na, Inna. Mutane da yawa sunka taru sunka yi shi, ƙasa-ƙasa."

"Halat na? Don wanda nika aiki da shi dauri, na san kwafo shi anka yi ba da sanin masu shi ba. Ina tura karatun Alƙur'ani da shi, raina bai taɓa kwantawa ba."

Ban taɓa sanin wannan na cin ta ba, duk kusancinmu. Khairiyya ta ce masu yin sa da kansu suka rubuta cewa kowa ya ɗauka, ya duba cikinsa, ya gyara in ya iya, ya ba na gaba. Kulu ta ce, "Af, irin kindirmo na. Ki amso cokali guda ga maƙwabciya, ki kwantar da naki, gobe wata ta amsa gare ki." Khairiyya ta ce ko malaminsu bai faɗa haka ba.

Sai aka zo inda gizo ke saƙar. Linux ɗin yana cikin wani ɗan filas, irin 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, kuma ana iya gwada shi daga nan ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Amma sai an gaya wa kwamfutar, tun tana farkawa, cewa daga filas za ta tashi. A wannan ɗan tsakanin ba abin da ke magana, ido kawai ake bukata, ga shi tire ba fuska. Khairiyya da abokanta biyu suka tsaya cirko-cirko. Ranar nan dai a gaban kwamfutar Kulu duk ɗaya muke.

Khairiyya ta ce abu mai sauƙi, a zare ma'ajiyar a sa a tata kwamfutar, ta zuba, a mayar. Kulu ta dafe tire da hannu biyu. "A'a. In kin yi mani yau, gobe wa ka yi mani Gwandu? Abin da yak kawo ni ke nan."

Yarinyar nan Allah ya yi mata albarka. Ta duba ƙarƙashin tire ta karanta lambarta, ta zari hijabi ta fita. Shago-shago ta bi, har ta samo wani mai buga katin biki da ke da irin kwamfutar sak, uwa ɗaya uba ɗaya, tasa da fuskarta. Ya biyo ta da kansa don bai yarda da abin da aka gaya masa ba. Aka jera su biyu a teburi. Khairiyya na kunna mai fuskar tana duba abin da ya fito tana faɗa, Kulu na yin irinsa a tata cikin duhu. Ni kuma, da takardar shaidar koyarwata da komai, aikin da aka ba ni shi ne in zura wa 'yar fitilar jikin filas ido, in ta fara ƙiftawa in yi magana.

Aka kunna, Kulu ta danna, shiru. Aka kashe aka sake, shiru. Ashe akwai ɗan lokacin da ake danna maɓallin farko, in ka yi sauri bai ji ba, in ka yi jinkiri ya wuce ka. Mai ido yana ganin alama ya danna. Aka yi ta yi har zufa ta jiƙa mana baya, masu zuwa buga takarda suka manta da takardunsu suka zagaye mu. Wani ya ce a haƙura. Kulu ta ce kowa ya yi mata shiru, ta sa Khairiyya ta sake kunna mai fuskar, ta kwantar da kunnenta a jikinta. Ta ce a sake. Sai ta ɗago. "Hwankar tana yin tsaki, ta yi shiru, sannan ta tashi. Ga shirun nan alamak ka hitowa, ko?" Khairiyya ta gwada, ta daka tsalle, ta ce wallahi haka ne.

Kulu ta koma kan tata. Ta kunna, ta sunkuya, muka riƙe numfashi. Fanka ta yi tsaki, ta yi shiru, yatsa ya sauka. Khairiyya ta ce ƙasa, Kulu ta danna ƙasa. Ta ce shiga, ta shiga. Ina kallon filas har idona ya kawo ruwa, sai ga 'yar fitila ta fara ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf. Ihun da na yi, sai da mai katin biki ya dafe ƙirji.

Aka ɗan jira. Khairiyya ta kama yatsun Kulu ta ɗora su kan maɓallai uku, ta ce ta danna su tare. Ta danna. Sai wata murya ta fito daga cikin tire, muryar namiji, kamar mai mura ya sa kai cikin tulu, ta faɗa da Turanci cewa mai karatu ya tashi.

Jama'a, guɗar da Kulu ta rangaɗa a shagon nan, ko ranar aurenta ba a yi irinta ba. Ta miƙe, ta zauna, ta rungume Khairiyya, ta laluba ta kama ni ta girgiza kamar ni na yi wani abu. Masu kallo suka hau tafi. Wata ɗaliba da ba ta san mu ba tana share hawaye. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba, murna ce ta cika ni har wuya. Kulu ta ce, "Ƙaƙa sunanai?" Aka ce Orka. Ta ce, "Orka, muryarka ba daɗi, amma yau ka hi mani duk mawaƙan duniya."

Daga nan ba mai iya tsayar da ita. Ta zaga nan, ta leƙa can, tana tambayar wane maɓalli ke yin kaza. Ta ƙara wa muryar sauri har ta koma mana kamar kukan gyare, ita kuwa tana gyaɗa kai. Da ya zo karanta kalmar Hausa ya murɗe ta, ta yi masa tsawa kamar ɗan aji ɗaya. Sannan ta ce a kashe, za ta tayar daga farko ba mai faɗa mata komai. Ta tayar. Ta ce a sake kashewa. A karo na gaba ne na lura hannun hagunta na kan habar gyale, ya kai ya dawo, ya kai ya dawo. Sai na gane ba ƙwarewa take nema ba yanzu, tsoro take ji. Muddin ba ta kwance ƙullin ba, muryar Baffa Garba tana iya kasancewa a ciki.

Na matsa na ce a hankali, "Kulu, rana na yi."

Ta ce, "Na sani, uwar gaggawa." Ta kwance.

Khairiyya ta ce ba ta yi alkawari ba, amma irin wannan bairos sau da yawa ba ci yake yi ba, ɓoyewa yake yi, ya bar fanko a gaba. Kuma a nan ba ya iya motsi, kifi ne a tudu. Kulu ta yi bisimilla ta soka memori. Ta rage saurin muryar don mu ma mu ji. Orka ya fara jero sunaye, irin fankon da ta riga ta sani. Ta sauka, ta sauka. Sai ya ce akwai folda, bai faɗi suna ba. Kulu ta koma sama ta sake saukowa, ya sake faɗa, folda, ba suna.

"Wagga ban taɓa jin ta ba," in ji ta.

Ta shiga. Sai sunaye suka ɓarke kamar an buɗe rumbu, hotuna, karatun da ta sa, da jerin abubuwan da aka ɗauka da waya, duk lambobi ne ba mai suna. Ta buɗe na farko, wani wa'azi ne da aka ɗauko daga rediyo. Na biyu iska ce kawai da kukan kaza. Na uku, aka ji motsin ƙafafu, aka ji saniya ta yi kuka can nesa, sai muryar dattijo ta tashi, doguwa, tana hawa tana sauka, irin kiran da ake yi wa shanu da sanyin safiya. Na san muryar, na sha jin ta a kasuwar shanu yana gaisawa da Kawu.

Kiran bai daɗe ba. Bayansa dattijon ya yi tari, ya sassauta murya ya ce wani abu da Fulatanci, sai wata mace ta yi dariya kusa da shi. Kulu ta tsayar da shi nan take. Ta ce, "Wanga ba namu na ba." Sannan ta kifa kai a kan teburi, kafaɗunta na rawa, tana ta alhamdu lillahi.

Sauran aikin cikin raha aka yi shi. Ta kwafe muryar a wurare har ban san adadinsu ba, ta fito da kayan Goggo daga maɓoyarsu, ta share fankon da bairos ya bari. Ta zare memorin ta danƙa min, ta ce in ya ɓace in nemi wani garin. Aka kwashe kayan sana'arta aka adana a ma'ajiyar Khairiyya, sannan ta zuba Linux a cikin tire gaba ɗaya, Orka na tambaya tana amsawa, wane harshe, wane yanki, wane suna. Da aka zo inda ya ce za a share duk tsohon abin da ke ciki, Khairiyya ta ce ta tabbata? Kulu ta ce, "Na gaji da shi tun ba a haihe ki ba," ta danna da ƙarfin da bai kamata ba. Mai katin biki ya ce shi ma a sa masa.

Ba zan ce daga ranar komai ya tafi sumul ba. Ta yi makonni tana faɗa da Orka, wasu maɓallan ba inda ta saba suke ba, akwai ranar da ya yi mata shiru ta kira Khairiyya tana masifa, ashe ita ce ta rage sauti da gwiwar hannu. Amma tire bai sake hawa motar Birnin Kebbi ba. Filas ɗin da Khairiyya ta ba ta yana rataye a wuyanta da zare, ta zuba wa wasu makafi biyu, ta zuba wa shugaban makarantarmu mai ido biyu da tabarau. Matan da suka gudu sun dawo, yanzu har da masu kawo memorin da ya haɗiye hotunan suna, a fito musu da su.

Washegarin dawowarmu daga Kalgo kuwa, tun da hantsi muka hau kabu-kabu biyu sai Dalijan, daga nan muka gangara ta cikin gero zuwa rugar. Ni zumuɗi ya ishe ni, so nake in ga saniyar da ke sauraren waya. Muka tarar da Goggo na wanke ƙore a gindin wata bishiya, surukarta Sumayya na daka. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Kulu ta karɓi wayar Goggo, ta sa memori da hannunta, ta lalubo wurin, ta miƙa mata. Ta ce, "Ga amanarki, Goggo. Danna na tsakiya."

Goggo ta danna. Kiran ya fara tashi, ta yi maza ta rufe bakin wayar da tafin hannu. Ta ce, "Miyetti," wato na gode, ba ta dubi kowa ba. Ta miƙe ta zaga bayan bukka.

Na ce wa Sumayya, "To ina Raneyen? A jawo ta mu gani mana."

Sumayya ta dakata da taɓarya a sama. Ta dubi wajen bukkar, ta sauke murya. "Raneye? Ai ba ta daɗe ba bayan Baffa. Ita ma ta bi shi tun wancan rani."

Na buɗe baki, Kulu ta kai hannu ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau ina jin wurin. Daga inda nake zaune ina hango gefen Goggo. Tana kan wani kifaffen turmi, ta juya mana baya, wayar na manne da kunnenta, ta wuce wurin kiran tuntuni. Ba ko maraƙi a kusa da ita.

Muka shanye furar. Da muka tashi tafiya Kulu ta gyara gyale, ta juya fuskarta wajen bukkar, ta ɗaga murya yadda ake yi wa mai aiki sallama.

"Goggo, mun wuce. Allah shi sa ta saki nono."

Sannan muryar Goggo ta zo daga bayan bukka, ba ta juyo ba.

"Amin, ɗiyata. Ta saki."